Wa Aka Siffanta, Wa Aka Ƙirga?

A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Cikin littattafan da suka yi nasara akwai guda biyu da ya kamata a riƙa karanta su a jere: Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Dukansu sun faro labarinsu daga yanki guda, wajejen Kwantagora da Kagara da Bida, a zamanin da harin bayi yake sana'ar masu doki da mashi, gab da zuwan Turawa. A cikin kowannensu dattijo ne ke zaune yana ba na baya labarin rayuwarsa. Amma wanda ya gama Ganɗoki yakan tashi jininsa na tafasa, wanda kuwa ya gama Shaihu Umar sai ka ga jikinsa ya yi sanyi.

Ƙasa ɗaya, zamani ɗaya, ciniki ɗaya. Abin da ya raba littattafan biyu shi ne wanda kowane marubuci ya tsaya ya siffanta, da wanda ya wuce da gudu.

Bello Kagara ya miƙa bakin labari ga mayaƙin da kansa, wato Ganɗoki, ya kuma ara masa harshen kirari, harshen da makaɗan yaƙi ke zuga maza da shi. Kambamawa ce ginshiƙin littafin. Inda alƙalaminsa ke daɗewa shi ne kan jarumi da makaminsa da dokinsa, da yadda ake karo, da yadda abokan gaba ke watsewa. Waɗanda aka faɗa wa kuwa taro ne kawai. Ba su da uwa, ba su da suna, ba wanda ya ji abin da suke cewa a daren da aka kewaye garinsu. Mai karatu ba ya jin tausayinsu, kuma ba don zuciyarsa ta bushe ba, a'a, ba a nuna masa su ba ne. Hatta lokacin da tarihi ya juya wa mayaƙan baya, Turawa suka ci Kwantagora a 1901, aka yi yaƙin Burmi a 1903, muryar littafin ba ta sauko ba. Da bindiga ta rage wa takobi daraja a duniyar mutane, sai marubucin ya ɗauke gwarzonsa da ɗansa Garba Gagare ya kai su duniyar aljannu, inda takobi yake da sauran magana. Salon da ya zaɓa ba zai iya ɗaukar faɗuwa ba, don haka labarin ne ya karkata ya bi salon.

Tafawa Ɓalewa, wanda bai wuce shekara ashirin da kaɗan ba a lokacin, ya ajiye idonsa a ƙasa, daidai tsawon yaro. Umar yaro ne da aka sace, aka yi ta wucewa da shi daga hannu zuwa hannu har ya faɗa wurin Balarabe Abdulkarim, aka ƙetare Sahara da shi. Uwarsa, 'ya mai 'yanci, ta fita nemansa, ita ma aka mayar da ita baiwa, ta sha wuya a Murzuƙ, ba ta sake ganin ɗanta ba sai a Tarabulus, inda ta cika ba da daɗewa ba. Littafin bai yi wa bauta huɗuba ba. Makau, mijin uwar Umar, mutumin kirki ne a labarin, alhali shi ma da shi ake kai hari. Abdulkarim ya riƙe yaron kamar ɗansa, ya sa shi karatu. Masu cewa littafin ya lulluɓe zalunci da mayafin ƙaddara suna da abin kamawa, kuma ba a raina hujjarsu. Duk da haka, babu wanda zai bi waccan uwa daga gari zuwa gari, cikin jimloli gajeru marasa zuga, sannan ya rufe littafin yana ganin harin bayi jarumta ce. Ƙin kambamawa a nan dabara ce mai zaman kanta, kuma ta fi tsawa aiki. Shi ya sa labarin ya jure sauya riga: aka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976.

Wannan aikin da salo ke yi wa ma'ana shi ne abin da ajin Hausa ya kasa koya wa ɗalibi. Masana irin su Abdulƙadir Ɗangambo da Abdullahi Bayero Yahya da Sa'idu Muhammad Gusau sun yi aiki babba, sun samar wa nazari kayan aiki da sunaye: kamantawa, siffantawa, jinsintarwa da rassanta na mutuntarwa da dabbantarwa, alamtarwa, kambamawa, zayyana. Laifin ba nasu ba ne. Matsalar tana wurin tambayar jarrabawa, wadda ta tsaya kan a kawo misali biyu na kamantawa daga waƙa kaza. Yaro zai farauto inda aka ce "kamar" ko "tamkar", ya rubuta, ya ci maki, ya fita bai san me kamancen ya yi wa ma'anar waƙar ba. Ya zama ɗan aiken da aka tura kasuwa ya ƙirgo buhuna, ya dawo da adadi daidai, bai kwance bakin ko ɗaya ya ga hatsi ne ko ƙaiƙayi ba. Tun da kuma an saba kiran abin adon harshe, sai ɗalibi ya ɗauka kwalliya ce da za a iya cirewa a bar magana yadda take.

Ba a iya cirewa. A gwada da amsa-kama, wadda Hausa ta fi harsuna da yawa wadata da ita. A ce miji ya gama magana, matarsa ta tashi ta bar ɗakin. In marubuci ya ce ta tashi tsam, ya ba mu mace mai haɗiye fushi, mai sanin darajar kanta, kuma tuni mai karatu ya fara zargin mijin. In ya ce ta miƙe zumbur, tsoro ne ko mamaki, wataƙila an ambaci abin da take ɓoyewa. In ya ce ta fita fuu, an ba mu mai zafin kai, har wasu masu karatu za su koma bayan mijin. In ta fice sululu, ita ce marar gaskiya. A bar mijin a zaune: ya yi jugum, ko ya yi tsuru-tsuru, ko ya yi kasaƙe. Na farko nadama, na biyu kamun laifi, na uku wanda magana ta ɗaure wa kai. Aikin da aka yi bai sauya ba, mace ta fita, namiji ya zauna. Amma an yanke shari'ar auren nan sau da yawa, kowane karo da kalma ɗaya tak, kuma mai karatu zai rantse shi ne ya yanke da kansa.

Abubakar Imam ya fi kowa sanin wannan sirri a zamaninsa. A Ruwan Bagaja, wanda shi ma daga gasar 1933 ya fito, Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna yi wa juna ƙeta iri-iri, wadda da a bakin wani marubuci ne da an kira ta mugunta tsagwaronta. Raha da azancin magana ne suka mayar da ita wasa, har mai karatu yana dariya yana jiran ramuwa. A Magana Jari Ce, juzu'i uku da suka fito a ƙarshen shekarun 1930, ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, amma tsararraki sun tashi suna ɗaukarsu nasu ne na gado. Ba wani abu ya yi ba illa sauya abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji: ya sa musu fada da fadawa, waziri da alƙali, zaure da kasuwa, gaisuwa da karin magana. Ƙashin labarin baƙo ne, amma ma'anar da Bahaushe ya ɗauka daga ciki ta gida ce, don siffantawar ta gida ce.

Mawaƙan wa'azi sun riga kowa. Tun zamanin masu jihadi ba su tsaya kan cewa a ji tsoron Allah ba, sai sun zayyana mutuwa da kabari da wuta da aljanna har mai sauraro ya ji a fatarsa. Abin sha'awa, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi iya sa mutane gani da kunne makaho ne, wato Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji. Sai dai wannan baiwa tana da kaifi biyu. Waƙoƙin da maza suka yi kan karuwa, irin ta Mu'azu Haɗeja da 'Yar Gagara ta Aƙilu Aliyu, gwanintar harshe ce da ba a musu. Amma a lura da inda gwanintar ta taru. Ana jibga wa macen sunaye da siffofi har ta daina zama mutum ta koma annoba, hanyar da ta biyo ta iso nan kuwa, auren dole ne ko sakin wulaƙanci ko yunwa, ba ta samun irin wannan kulawa.

Sai da mata suka ɗauki alƙalami aka juya madubin. Hafsatu Abdulwaheed ta buɗe ƙofa da So Aljannar Duniya a 1980. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, kuma duk wanda ya karanta shi da idon nazari zai ga inda ta zuba ƙarfinta. Ba ta damu da yi wa jarumarta Rabi kirarin kyau ba. Abin da take bi daki-daki shi ne kuɗin cefane da ba ya isa, da bakuna tara da ke jiran abinci, da yadda mijin Rabi, Alhaji Abdu, ke sakin hannu a waje yana ƙulle shi a gida, da sana'ar abincin da Rabi ta kama bayan an kore ta. Lissafin tukunya ne ya zama zayyana. Kafin gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, mai karatu ya riga ya gama da shi, ba tare da an ce masa mutumin azzalumi ne ba. A faɗi gaskiya, Delu, amaryar da ta zama sanadin korar Rabi, ba ta samu wannan adalci ba. An bar ta cikin tsohuwar rigar da mawaƙa suka ɗinka wa irinta. Ko marubuciyar da ta karya al'ada a ɗaki ɗaya takan bi ta a ɗaki na gaba.

Daga nan ne maganar ke yin ɗaci. Littattafan soyayya da suka cika kasuwannin Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980 sun yi abin da ba a taɓa yi ba: sun sa dubban mata da matasa karatun Hausa don jin daɗi, ba don jarrabawa ba. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa sun shiga gidajen da littafin makaranta bai taɓa shiga ba. An yi doguwar muhawara a jaridu a shekarun 1990, Ibrahim Malumfashi yana suka, ya kira abin adabin kasuwar Kano, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna karewa. Mafi yawan ƙurar ta tashi ne kan jigo da tarbiyya da ingancin ɗab'i. Abin da bai samu rabonsa na muhawara ba shi ne wani sakin layi da ya zama kamar farilla a ɗaruruwan littattafai, kuma ya bi su har cikin WhatsApp da Wattpad da karatun rediyo: sakin layin gabatar da jaruma.

Kowa ya san shi. Fara ce, doguwa, mai dara-daran idanu da dogon hanci, gashi har gadon baya, sau da yawa a ƙara da cewa in ba a faɗa maka ba sai ka ɗauka Balarabiya ce ko Ba'indiya. In talaka ce, to wahala ce ta dusashe hasken, kuma za a wanke shi kafin babi na goma. Saurayin da zai cece ta ana gane shi daga motarsa da agogonsa da ƙamshin turarensa kafin ya buɗe baki. Kishiya ko uwar miji mai makirci kuwa, a yawancin lokuta, ita ce ake tuna cewa akwai baƙar fata da gajarta da faɗin hanci a ƙasar Hausa. Ba duka marubuta ke yin haka ba, akwai masu kauce masa da gangan, amma yawansa ya isa a kira shi al'ada.

Marubuciyar da ta rubuta wannan za ta ce jigon littafinta haƙuri ne, ko illar auren dole, ko muhimmancin ilimin 'ya mace, kuma gaskiya ta faɗa. Sai dai jigo ana faɗarsa sau ɗaya a ƙarshe, siffa kuwa ana maimaita ta a kowane shafi. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar, baƙa kamar yawancin 'yan ajinsu, wadda ta karanta irin waɗannan littattafai talatin, ta koyi darasin da ba a rubuta a bangon ko ɗaya ba: cewa alheri yana da launi, kuma ba nata ba ne. Ba za a ɗora wa marubuta alhakin kasuwar man bilicin gaba ɗaya ba, fim da talla da surutun zaure duk suna da kaso. Amma wanda ya yi shekara talatin yana haɗa haske da nagarta a jimla ɗaya ba zai ce ba ruwansa ba. Hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta sha yin artabu da marubuta kan batsa. Batsa tana da sauƙin kamawa, a ja mata layi da jan biro. Fifita hasken fata kuwa yana wucewa lafiya lau, don babu kalma ɗaya a cikinsa da za a ce haram ce. Kuma ba aikin hukuma ba ne ma. Aikin masu nazari ne da ƙungiyoyin marubuta, da alƙalan gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, wadda tun 2016 take fito da gajerun labaran mata, inda ƙarancin fili kan tilasta wa marubuciya ta bar kirarin hanci ta nemi siffar da ke aiki.

Kada a ɗauka abin ya tsaya kan ƙagaggen labari. Ɗan jarida ma marubuci ne, kuma nasa hukuncin ya fi saurin isa ƙauye. Mutanen da suka addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja, har da ƙetaren iyaka wajejen Maraɗi, sun sha suna iri-iri a labarai: ɓarayin shanu, 'yan fashin daji, 'yan bindiga, 'yan ta'adda. Kowane suna yana ɗauke da maganinsa a ciki. Ɓarawo na ɗan sanda ne da alƙali, ɗan ta'adda na soja ne, wanda kuwa ake shirin zama da shi a teburin sulhu sai a nemo masa suna mai laushi. Abin ya kai ga kotu: a watan Nuwamba na 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda, gwamnati ta buga hukuncin a jaridarta ta hukuma a Janairun 2022. Haka nan ɗan ƙaramin "an" na Hausa, wanda ke ba da labarin aiki ya ɓoye mai aikin. An kashe, an ƙona, an rasa rayuka. Wani lokaci rashin sani ne ya sa, wani lokaci tsoro, wani lokaci kuma ladabi ne ga wanda bai cancanci ladabi ba, musamman in harsashin ko bam ɗin na hukuma ne.

Mafi muni shi ne rabon siffa a cikin rahoton kansa. Jagororin 'yan bindiga suna da suna da laƙabi, an san dajin kowa da yawan yaransa da irin makamin da yake rataye da shi, ana yaɗa muryarsa da hotonsa, ana fassara barazanarsa kalma-kalma. Yara a unguwa sun haddace sunayensu. Manomin da aka harbe a gonarsa kuwa yana cikin "mutum kaza", matar da aka kora cikin daji da goyo tana cikin "da dama". Ba wanda ya yi niyyar yi wa ɗan ta'adda kirari, amma tsarin rahoton ya yi masa, tun da shi kaɗai ne mutum a ciki, sauran adadi ne. Mai sauraron da ya shekara yana jin adadi, dole kunnensa ya ƙoshi, ya daina jin komai.

Gyaran wannan bai buƙatar sabuwar doka ko kuɗin tallafi. Editan da ke da sakin layi biyar na rahoton hari zai iya ware ɗaya ga wanda aka kashe: sunansa in danginsa sun yarda kuma ba zai jawo musu wata fitina ba, sana'arsa, abin da ya fita yi da safiyar nan, da waɗanda ya bari. Wakilan da ke Gusau da Katsina da Birnin Gwari da Maraɗi sun san hanyar samun wannan bayani, wasunsu ma jana'izar suke halarta. Editocinsu su fara tambayarsu, su kuma daina yanke wannan sakin layi in fili ya yi ƙaranci.